Hukuncin Abincin Sinawa Da Dabbobin Teku

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah, wanda Ya hore mana tudu da ruwa, Ya ciyar da mu daga abin da ke cikinsu. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har ya zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa Musulmi masu karatun wannan fili, a wannan mako wasiƙa ce ta zo mana daga wani bawan Allah ɗan kasuwa a Kantin Kwari, Kano, wanda ya roƙa a sakaya sunansa. Ya ce shekara shida ke nan yana zuwa birnin Gwangju na ƙasar Sin saro yadi, kuma duk zuwan da ya yi, mai masaƙar da yake hulɗa da shi sai ya kai shi gidan cin abinci ya yi masa liyafa. Ya ce idan aka jera kwanuka a tebur yakan kauce wa ƙaguwa da jatan lande da kawa da sauran halittun ruwa masu ƙafafu da yawa, domin zuciyarsa ba ta natsu da cewa halal ba ne, sai ya tsaya a kan soyayyiyar shinkafa da naman kaza da na sa. Tambayarsa ita ce: shin abin da yake yi ya wadatar, ko kuwa ƙin cin da yake yi wulaƙanta mai masauki ne?

To, malam mai tambaya, Allah Ya saka maka da alheri bisa kula da abin da ke shiga cikinka. Amma gaskiya ɗaya ce, daga ƙinta sai ɓata. Ka juya al'amarin ne. Abin da kake gudu shi ne mafi tsarkin abin da ke kan teburin, abin da kuma kake fakewa a cikinsa shi ne inda haram ta fi samun wurin ɓuya.

Bari mu fara da abin da ke cikin ruwa. Allah Maɗaukakin Sarki Ya bayyana a cikin Suratul Ma'ida, aya ta 96, cewa farautar teku da abincinta halal ne, guzuri ne ga mazauna gida da matafiya. Bai ware kifi Ya bar sauran ba. Imamu Malik kuwa ya ruwaito a cikin Muwaɗɗa daga Abu Huraira, Allah Ya yarda da shi, cewa wani mutum ya zo ya gaya wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa suna shiga jirgin ruwa da ruwan sha kaɗan, idan suka yi alwala da shi ƙishirwa za ta kama su, ko za su iya alwala da ruwan teku? Sai Annabi ya ba shi amsar abin da ya tambaya, kana ya ƙara masa da abin da bai tambaya ba, watau ya sanar da shi ruwan teku mai tsarkakewa ne, mushen da ke cikinsa kuma halal ne. Malamai suka ce wannan ƙari hikima ce, domin wanda ya jahilci hukuncin ruwan lalle zai fi jahiltar hukuncin abin da ke cikinsa.

Akwai kuma labarin rundunar da Annabi ya aika bakin teku ƙarƙashin Abu Ubaida ɗan Jarrah, mutum 300. Guzurinsu ya ƙare har ta kai kowane mutum dabino ɗaya yake samu a yini, daga baya ma suka koma cin ganyen itace. Suna cikin wannan hali sai teku ta jefo musu wata dabba matacciya mai girman tsauni, wadda Larabawa ke kira Anbar. Suka yi kwana 18 suna ci, bisa ruwayar Muwaɗɗa. Don a gwada girmanta Abu Ubaida ya sa aka kafa haƙarƙarinta biyu, raƙumi da sirdinsa ya wuce ta ƙarƙashi bai taɓa ba. Da suka komo Madina suka ba da labari, Annabi ya sanar da su arziki ne Allah Ya fitar musu, har ya nemi a ba shi in da saura, aka kawo masa ya ci. Ku duba fa, dabba ce da ba wanda ya yanka, ba wanda ya san lokacin da ta mutu.

Bisa waɗannan hujjoji mazhabarmu ta Malikiyya ta fi kowace mazhaba yalwatawa a wannan babi. A wurinmu duk abin da ke rayuwa a cikin ruwa halal ne, ba ya bukatar yanka, ko da mushe aka tsince shi. Ƙaguwa, jatan lande ƙanana da manya, kawa, kififiya, da wannan halitta mai hannuwa takwas da Sinawa ke yayyankawa su soya, duk hukuncinsu ɗaya da tarwaɗa da karfasa da giwan ruwan Argungu. Kuma Imamu Malik ya faɗa a sarari cewa babu laifi a ci kifin da Bamajushe ya kama, saboda abin da mushensa ya halatta ba a duba addinin wanda ya kamo shi. Wannan ita ce gaɓar da ta fi shafarka, malam mai tambaya. Masuncin da ya kamo jatan landen nan daga teku, ko mai bautar gunki ne, ko wanda bai yarda da Allah ba ne sam, addininsa bai taɓa halaccin abin da ya kamo ba.

Ya kamata dai mu ambaci cewa malamai sun saɓa. Hanafiyya ba su halatta komai daga ruwa ba sai kifi, kuma a tsakaninsu ma an yi ja-in-ja a kan jatan lande, ko kifi ne ko ba kifi ba. Don haka idan ka zauna da ɗan'uwa daga Pakistan ko Turkiyya ka ga ya janye hannunsa daga ƙaguwa, kada ka yi masa gardama, yana bin malamansa ne. Shafi'iyya da Hambaliyya sun halatta dabbobin teku amma sun cire kwaɗo da kada, kuma hujjarsu game da kwaɗo ita ce hanin da Annabi ya yi wa wani mai magani da ya nemi kashe shi don haɗa magani. Mutanen kudancin Sin suna cin kwaɗo sosai, za ka gan shi da rai a cikin akwatunan gilashi a bakin ƙofar gidajen abinci. Mashahurin zance a mazhabarmu ya halatta shi, amma wanda ya bar shi don fita daga saɓani ya kyauta, kuma ba na jin akwai Bakanon da zai yi asarar wani abu idan ya bar kwaɗo.

Wannan ya kawo mu ga abin da nake zaton shi ne ainihin damuwarka, watau ƙyama. Ni ma na san ta. Ranar da aka fara ajiye mini jatan lande a gabana a Jidda, shekarar da na sauke farali, da gashin bakinsa da idanunsa suna kallona, sai da na kau da kai. Amma ƙyama daban, haramci daban. Ya tabbata cewa an kawo wa Annabi gasasshen damo a ɗakin matarsa Maimunatu, ya miƙa hannu, da aka gaya masa ko mene ne sai ya janye. Khalidu ɗan Walidu ya tambaye shi ko haram ne. Ya ce masa ba haram ba ne, sai dai ba a saba da shi a ƙasar mutanensa ba, shi ya sa ransa ba ya so. Khalidu ya jawo kwanon ya ci, Annabi yana kallonsa. Saboda haka kana da iko ka bar ƙaguwa har ƙarshen rayuwarka, babu zunubi a kanka. Abin da ba ka da iko a kai shi ne ka ce haram ce, domin haramta abin da Allah Ya halatta laifi ne kamar halatta abin da Ya haramta. Kuma mu da muke sayen soyayyiyar fara da yaji a mudu, muna taunawa muna santi, bai kamata mu yi wa mai cin jatan lande kallon mamaki ba. Ga shi ma busasshen ƙanƙaninsa da ake sayarwa a kasuwar Sabon Gari ya daɗe da shiga tukwanen miyar gidajenmu, ana dakawa ana zubawa, maigida yana yabon girki bai san abin da ya ƙara masa daɗi ba.

Sai dai wanda likita ya gaya masa jikinsa ba ya karɓar irin wannan abinci, yana sa masa kumburi ko toshewar numfashi, to a kansa shi kaɗai ya haramta, saboda cutarwa.

Yanzu sai mu juya ga ɓangaren teburin da ka amince da shi.

Na farko, naman kaza da na sa. Dabbar tudu ba ta halatta sai da yanka, kuma yankan da shari'a ta karɓa shi ne na Musulmi, sai na Ahlul Kitabi, Yahudu da Nasara, bisa aya ta 5 ta Suratul Ma'ida, da sharuɗɗan da malamai suka gindaya. Galibin mutanen Sin ba Musulmi ba ne, ba Yahudu ba ne, ba Nasara ba ne. Kazar da aka kawo maka a gidan abincin da ba na Musulmi ba a Gwangju, ko an yanka ta a wuya, ko jininta ya zuba, hukuncinta hukuncin mushe ne. Wasu sukan kafa hujja da hadisin Nana A'isha, inda wasu mutane suka tambayi Annabi game da naman da ake kawo musu ba su sani ba ko an ambaci sunan Allah a kansa, ya umarce su su ambaci sunan Allah su ci. Amma masu kawo naman nan Musulmi ne, sabbin shiga addini, ana kokwanto ne kawai ko sun yi bisimilla. Ba a ɗaukar wannan hadisi a ɗora shi a kan yankan wanda ba Musulmi ba kuma ba Ahlul Kitabi ba. Bisimillarka a bakin kwano ba ta mayar da mushe yankakke.

Na biyu, alade. Wajen rabin aladun duniya a ƙasar Sin ake kiwonsu ana cinyewa, har ya zama a harshensu idan aka ce nama kurum, ba a faɗi na wace dabba ba, to naman alade ake nufi. Kuma ba kullum yake zuwa a matsayin tsoka da ido zai gani ba. Soyayyiyar shinkafar da ka fake da ita, shahararriyar irinta da ake jingina wa birnin Yangju, 'yan jajayen gutsattsarin da ke cikinta gasasshen alade ne ko busasshiyar cinyarsa. Da yawa daga masu girki da kitsen alade suke soya shinkafa da ganye, domin sun ce ya fi ƙamshi. Romon da ake ajiyewa a babbar tukunya a kicin ana ɗiba ana zuba wa kusan kowane girki, yawanci da ƙashin kaza da na alade ake dafa shi. 'Yan ƙulle-ƙullen fulawa da ake turarawa a kwandon gora, waɗanda mutanen Gwangju suka shahara da su, ko an ce maka na jatan lande ne, sau da yawa an cuɗa cikinsu da niƙaƙƙen alade ko kitsensa. Haka kuma miyar yajin nan mai tsada da ake kira XO, wadda aka ƙirƙiro a Hong Kong a shekarun 1980, busassun kayan teku ne da barkono da cinyar alade. Ka ga ke nan dabbar teku ta fito daga ruwa da tsarkinta, a kicin ne ake ɓata ta.

Na uku, giya. Girkin Sinawa yana da giyar shinkafa ta musamman, mafi shahararta ita ce ta garin Shawshin, kuma a kan kifi da kayan teku aka fi zuba ta, don ta kashe ƙarni. Akwai ma girkin da sunansa kansa jatan lande mai maye, domin a cikin giya ake tsoma shi. Mutane da yawa suna cewa ai wuta tana ƙone ta. Wannan magana ba ta tsaya ba ta fuska biyu. Ta fuskar bincike, wani gwaji da aka buga a Amurka a 1992 ya nuna abincin da aka zuba wa giya aka dafa minti 15 yana riƙe da kashi 40 cikin 100 na sinadarin mayenta, kuma ko bayan awa biyu da rabi a kan wuta ana samun saura kamar kashi 5. Girkin Sinawa kuwa minti biyu ko uku ne a kasko an sauke. Ta fuskar fiƙihu kuma, giya najasa ce a mazhabarmu, kuma ƙa'ida ita ce abinci mai ruwa-ruwa, komai yawansa, yana najastuwa da najasa komai ƙanƙantarta. Ba maye ake jira ba kafin a ce haram. Khal dai daban ne, domin giyar da ta rikiɗe ta zama khal ta tsarkaka.

Sa'an nan ga kasko. Abu Sa'alabatal Khushani ya tambayi Annabi game da ƙorai da tukwanen mutanen da ke dafa alade suna shan giya a cikinsu, sai ya umarce shi ya nemi wasu in zai samu, in bai samu ba ya wanke ya ci a ciki. Kukun gidan abinci da kasko ɗaya yake aiki dare da rana, daga wannan girki zuwa wancan, ɗauraya ce kawai a tsakani.

Mai karatu zai ce, ashe ke nan Musulmi ya je Sin ya zauna da yunwa? A'a. Musulunci ya fi shekara 1,000 a wannan ƙasa. Ƙidayar 2020 ta nuna 'yan ƙabilar Hui sun haura miliyan 11, Uigur ma sun haura miliyan 11, ban da sauran ƙananan ƙabilun Musulmi. Ibn Baɗɗuɗa, wanda ya ratso Takedda ta ƙasar Nijar ta yau a 1353, ya riga ya je Sin wajen 1345, ya kuma ba da labarin cewa mutanenta suna sayar da naman alade a kasuwanninsu, amma Musulmi suna da unguwarsu a birane, da masallaci da kasuwa da alƙali. A Gwangju ɗin da kake zuwa akwai masallacin Huwaishan, ɗaya daga mafi daɗewa a ƙasar. Akwai kuma hubbaren da Musulmin can ke jingina wa Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, ko da yake abin da malaman tarihinmu suka tabbatar shi ne Sa'adu ya rasu a Aƙiƙ kusa da Madina, aka binne shi a Baƙi'a. A unguwar Shawbei, inda fataken Afirka suka saba sauka, gidajen abincin Musulmi ba su da wuyar samu.

Kalmar da Musulmin Sin ke nufin halal da ita ita ce "cingjan", haruffa biyu ne a rubutunsu, galibi a kan koren allo. Ina ba ka shawara ka sa wani ya rubuta maka su a takarda ko ka ajiye hotonsu a wayarka, kada ka dogara ga ganin rubutun Larabci, domin a 2019 hukumomin birnin Beijin sun sa an cire rubutun Larabci daga allunan gidajen abincin Musulmi, an kuma yi haka a wasu wurare. Shagunan taliyar Lanjo mai romon naman sa, wadda ake ja da hannu a gaban mai saye, sun bazu a kusan kowane birni, kuma asalinsu sana'ar Musulmi ce, mafi yawan masu su Musulmi ne, za ka gane su da farar hula. Duk da haka ka duba alamar kafin ka zauna.

Game da mai masaukinka kuwa, maganin abin shi ne magana tun kafin a fita, ba sunkuyar da kai a bakin tebur ba. Ka gaya masa kai Musulmi ne, cingjan kake ci. Ba baƙon abu ba ne a wurinsa, ya san Musulmin ƙasarsa. Mutumin da yake son ka ci gaba da sayen yadinsa ba zai ƙi kai ka inda za ka ci da natsuwa ba, kuma a al'adarsu abin kunya ne baƙo ya tashi bai ƙoshi ba. Ni a ganina shirun da ka yi shekara shida ya fi zama rashin adalci gare shi, domin ka bar shi yana kashe kuɗinsa a kan abin da bai halatta gare ka ba, yana zaton karramawa yake yi. A nan kuma za ka warware matsalar kwalba, domin liyafar kasuwanci a Sin ba ta rabuwa da ɗaga kofin giya, alhali an ruwaito hani daga Annabi ga mai imani da Allah da ranar lahira ya zauna a teburin da ake zagayawa da giya. A gidan abincin Musulmi na ƙwarai shayi za a kawo muku.

In kuwa ta kama dole, ka sami kanka inda babu na Musulmi, to ka nemi kifi ko ƙaguwa ko jatan lande, a turara ko a tafasa da ruwa zalla, ka faɗa a fili kada a sa giya, kada a sa kitse ko romo, ka haɗa da farar shinkafa dafaffiya da dafaffen ƙwai da 'ya'yan itace. Mutanen Gwangju gwanaye ne wajen turara kifi da citta da albasa, ba za ka ce an cuce ka ba.

Abin da ya wuce kuma, ka ci ne bisa jahilci da kyakkyawar niyya, sai ka yi istigfari, babu kaffara a kanka. Amma daga yau ka sani. Kuma ka tuna Annabi ya ba da misalin matafiyi mai doguwar tafiya, kansa birkice jikinsa da ƙura, yana ɗaga hannu sama yana kiran Ubangijinsa, alhali cinsa da shansa da tufarsa haram ne, ya nuna da wuya a amsa masa. Matafiyi yana cikin waɗanda ake karɓar addu'arsu, ga ka a ƙasar nesa da dukiyar mutane a hannunka, kana roƙon Allah Ya tsare kaya a teku Ya kawo kasuwa. Bai kamata loma ta tsaya tsakaninka da wannan ba.

Saura gidajen abincin Sinawa da ke nan gida, a Kano da Abuja da Legas, inda matasanmu suke kai iyalansu. Hukuncinsu ya fi sauƙi ta wajen nama. Wanda ke cikin garin Musulmi kamar Kano, yana sayen nama daga mahautanmu, asalin namansa halal ne, kuma nan ne hadisin Nana A'isha yake aiki, ba a bukatar bin diddigin kowace kaza. Tambaya biyu ce ta rage, a yi wa mai kawo abinci ko a nemi ganin kuku: kuna dafa alade a wannan kicin? Kuna zuba giya a girki? Yawancin ma'aikatan 'ya'yanmu ne, za su faɗi gaskiya. In aka ce a'a, a ci a gode wa Allah, kada a bi waswasi. In aka ce i, ko aka yi ta kewaye-kewaye, sai a yi sallama cikin mutunci a nemi wani wuri.

Wallahu a'alamu. Wasiƙar 'yar'uwarmu daga Damagaram game da maganin da ake zubawa a cikin ƙwanson gelatin ta iso, za mu duba ta mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.